Waliyyi a Kan Rufin Bene

Ranar da aka ɗauke katifar Maikano daga falo aka kai ta kan rufin bene, babu wanda ya ɗaga murya a gidan. Da ma faɗa aka yi, wallahi da ya fi sauƙi. Cikin ladabi aka yi komai, da "Yaya" da "ma'alish", wato a yi haƙuri, har da kofin shayi mai na'ana'a.

Zulfa ce ta fara, matar ƙaninsa Abakar. Ta durƙusa ta ajiye masa shayin, ta ce, "Yaya, falon nan ya matse maka. Ga talabijin, ga baƙi, mutum ba ya samun hutu. Sama kuwa akwai ɗaki, kai kaɗai, ga iska."

Maikano ya dubi ƙafarsa ta roba da ke jingine da kujera. Lif ɗin benen ya mutu tun kafin su kama haya, kowa ya sani. Ya juya wajen ƙaninsa.

"Habu, haka ne?"

Abakar yana ta shafa wayarsa kamar akwai wani abu a ciki. "Na ɗan lokaci ne, Yaya. A gama hidimar bikin Dalia kawai, khalas, shi ke nan, ka sauko."

"To, tamam," in ji Maikano. Ya shanye shayinsa, ya ɗaura ƙafarsa, ya ɗauki jakarsa da kansa.

Gidan yana Hayyin Ashir, inda 'yan Sudan suka cika tun da yaƙi ya koro mutane zuwa Alƙahira. Abakar mai haɗa magunguna ne. A Omdurman ya yi rayuwarsa, a can ya goge Larabcinsa har ya zama irin na manyan gari, a can ya zama Dakta Abubakar. Ya biyo uwa, fatarsa da ɗan haske. Maikano kuwa uba ya biyo, baƙi wuluk, ga tsage a kumatu wanda ko daga nesa ka hango ka san Bahaushen Mai-Wurno ne, garin Hausawan Sudan. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Albashin sojan Maikano ne ya kai Abakar jami'a, kuma duk duniya babu wanda ya rage yana kiransa Habu sai shi.

Abin da ya hau da katifar sama ba matsin falo ba ne. Dalia, 'yar farin Abakar, ta samu miji: Husam, ɗan Birgediya Isam mai ritaya. Irin gidajen nan ne da ke lissafa kakanninsu har ƙasar Larabawa, waɗanda idan sun ce "Fallata", sunan da suke kiran Hausawa da Fulanin Sudan, sai ka ga leɓensu ya karkace kamar sun tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Da suka tambayi asalin amarya, Abakar ya ce su mutanen Sinnar ne. Bai yi ƙarya ba, haka yake gaya wa kansa kullum. Mai-Wurno ai a ƙasar Sinnar take.

Sai ranar da aka ambaci sunan surukin ana cin abinci. Maikano ya ajiye lomarsa.

"Isam? Dogo, mai tabo a wuya? Kai, Allah mai iko! Ai yarona ne. Laftana ne lokacin, a kudu. Harsashi ya same shi, kowa ya gudu ya bar shi cikin fadama, ni na saɓa shi a kafaɗa, yana ta kiran uwarsa." Ya ƙyalƙyale da dariya har da bugun cinya. Ya dubi Dalia. "Uwata, ashe ɗan Isam zan ba ki? To ranar zai ga waliyyi. Sai ya sara mini kafin in ce na bayar."

Uwata yake ce mata, don sunanta na yanka Fatuma, sunan mahaifiyarsu. Dalia ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Zulfa ta dubi mijinta.

A gidansu uba ba ya aurar da 'yarsa da bakinsa, abin kunya ne, balle 'yar fari. Ɗan'uwan uba ke zama waliyyi. Ranar sunan Dalia, Maikano ya zo hutu da kakinsa, mahaifinsu ya ɗora masa jaririyar a hannu a gaban jama'a ya ce, "Wannan taka ce, kai za ka aurar da ita." Matar Maikano ta rasu ba ta bar masa ɗa ba. Ya bar ƙafa a daji, ya bar gida ga wuta, ya iso Alƙahira da jaka ɗaya. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, wannan maganar ta mahaifinsu.

Bayan kwana biyu aka gano cewa falo ya matse.

Ɗakin saman ba ɗaki ba ne, wurin ajiye tarkace ne da masu benen suka manta da shi, tsakanin tankunan ruwa da farantan tauraron ɗan'adam masu tsatsa. Da rana kwanon rufin ya ɗau zafi har mutum ba ya iya dafa bango. Iskar da Zulfa ta yi alkawari kuwa tana zuwa, ɗauke da hayaƙin motoci da warin kashin tattabarun maƙwabta.

Da farko yana saukowa cin abinci. Ya dafa ƙarfen matakala, ya jefa mai lafiyar, ya jawo ta robar, ya tsaya ya huta. Kafin ya iso abinci ya huce. Zulfa ta ce, "Haba Yaya, wannan wahala ta yi yawa, bari a riƙa kai maka." Aka riƙa kai masa. Wata rana da azahar, wata rana sai la'asar, wata rana kowa ya ɗauka wani ya kai.

Sai maganar Hausa. Wata safiya ya leƙo ta kan katangar rufin ya hango Dalia a baranda tana shanya, ya kwaɗa mata kira, "Uwata! Kin tashi lafiya?" A ranar Zulfa ta hau da kanta tana haki.

"Yaya, don Allah ka rage kiran nan. Ƙanwar Birgediya tana da ƙawa a benen da ke kallonmu. Ba wai wani abu ba ne, ka san mutane da baki."

"Gaisuwar ce laifi, ko yaren?"

"Haba Yaya, wa ya ce laifi? A nan Masar ne, kowa da Larabci yake magana."

Daga ranar ya riƙa ɗaga mata hannu kawai. Dalia takan ɗaga masa, ta waiwaya hagu da dama, ta shige ciki. Yarinya ce mai kirki, wallahi, ita ke wanke masa jallabiya. Amma tana son Husam, kuma an gaya mata cewa idan aka ji asalinsu kafin a ɗaura, an fasa. Ta ce a ranta bayan biki za ta gyara komai. Duk gidan haka suke cewa, bayan biki.

Maikano ba mutumin zama ba ne. Ya ji ana neman mai gadi a wani kanti a Abbasiya, ya yi sammako ya sauko, ya hau bas. Yara a bakin titi suka bi shi da "shokolata, shokolata", suna tsokanar baƙar fatarsa, ya yi kamar bai ji ba, ya saba. Mai kantin ya dube shi daga rawani zuwa takalmi. Maikano ya ce shi tsohon soja ne, ya san gadi tun kafin a haifi rabin masu wucewa a titin nan. Mutumin ya ce, "Ma'alish, ya haj. Ba don ƙafar ba, ai a zaune ake gadin. Masu sayayya ne, ka gane, mata ne da yara, kada su tsorata." Kafin Maikano ya kai bakin ƙofa an ba wani saurayi fari, mai man gashi, wanda ko sanda bai taɓa riƙewa ba.

Hawan da ya yi a ranar ne ya fasa masa dungun. Fatar ta saɓule inda robar ke gogarsa, ta fara ruwa. Abakar ya aiko masa da man shafawa da bandeji, mai kyau, na waje. Bai kawo da kansa ba.

Ba wai ba ya so ya hau ba. Kullum idan ya dawo daga kantin maganin da yake aiki, sai ya tsaya a ƙofar gidansa da makulli a hannu, ya dubi matakalar da ta ci gaba zuwa sama. Ya ce gobe. Yana cin abinci yana jin taku a samansa, ƙwas, sannan shiru, ƙwas, sannan shiru, duk da akwai gidaje tsakaninsu kuma babu yadda za a yi ya ji. Ya rame. Zulfa ta ce hidimar biki ce.

"Ka gaya masa maganar waliyyin kuwa?" ta tambaye shi wata Juma'a.

"Zan gaya masa."

"Kai ne uba. A dokar ƙasar nan uba ke sa hannu. Shi fa katin 'yan gudun hijira kawai gare shi. Wannan ma ai dalili ne, ba ƙarya za ka yi ba."

"Na ce zan gaya masa, Zulfa."

"Kada ka dube ni haka. Ni na yi masa tsagen? Ni na ce mutanen nan su raina mu? 'Yata nake so ta huta da abin da muka sha. Kai ka manta yadda aka riƙa ce mini 'yar mai agashe a makaranta?"

Bai manta ba. Shi ma an ce masa. Agashe, wato tsiren da Hausawan Sudan suka shahara da shi, kowa na cinsa yana lasar yatsa, amma sunansa zagi ne a bakin yara.

Da la'asar ya hau. Ya tarar da Maikano a inuwar tanki, ƙafar robar a gefe, dungun a buɗe yana shan iska. Da ya ga ƙaninsa sai ya yi sauri ya ja jallabiya ya rufe, fuskarsa ta washe.

"Habu! Yau kai ne a fadata? Zauna, zauna. Tsaya ka ga wani abu."

Ya ja jiki ya shiga ɗakin, ya fito da ƙunshi. Sabon rawani ne fari ƙal, har da takardar kanti a jikinsa.

"Agogona na sayar. Me zan yi da agogo a nan, ga ladan ta ko'ina? Waliyyi ba ya zama da tsohon rawani a gaban birgediya." Ya zaro wata ƙaramar lambar yabo ta tagulla daga aljihu, ya goga ta a hannun riga. "Wannan kuma a aljihu zan bar ta, kada ya ce gori nake masa."

Abakar ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Yaya, shi Birgediyan, bai taɓa nemanka ba bayan yaƙi?"

"Ina zai gan ni? Su aka ba filaye, aka ba su kwas a ƙasashen waje, aka yi ta ɗora musu taurari. Waɗanda muka shiga rana ɗaya da su, na koya musu harbi, duk sun wuce ni, ni ina nan kofur. Da nakiya ta ɗauke ƙafar nan na je neman haƙƙina, wani yaro a bayan tebur ya ce in kawo shaidar cewa a ƙasar aka haifi kakana. Na ce masa, ɗana, ranar da kuka ba ni bindiga ba ku tambayi kakana ba. Ƙafata tana binne a ƙasarku, ba ta isa shaida ba? Ya ce in dawo wani mako." Ya yi dariya, ya naɗe rawanin a hankali. "Ba komai, Habu. Na waje ne suka yi mini. Tunda kai ka yi karatu, ai na ci ribar sojana. Me ya kawo ka ne?"

"Ba komai, Yaya. Gaisuwa ce."

Ya sauko bai faɗa ba. A tsakiyar matakala ya tsaya ya jingina goshinsa da bango, ya ji ya tsani kansa. Amma bai koma ba.

Zulfa ce ta samo dabara, kuma Allah ya sani dabarar ta yi kyau har ta ba da tsoro. Ana gobe ɗaurin aure ta hau da ƙunshin nama da ƙuli-ƙuli da yaji.

"Yaya, Dalia ta ce ba za ta ci agashen kowa a bikinta ba sai naka. Ka gasa mana a nan sama. Idan malam ya iso za a aiko a kira ka."

"Uwata ce ta ce?" Ya karɓi naman da hannu biyu. "Ai ko da ƙafa babu ko ɗaya zan gasa."

Tun da safe ya hura gawayi. Ya yanka naman siriri-siriri kamar yadda mahaifinsu ya koya masa, ya tsire shi, ya barbaɗe da ƙuli, ya jera a gefen wuta ba a kanta ba. Ƙamshi ya cika unguwa. Ya yi wanka da bokiti, ya ɗaure dungun da sabon bandeji, ya cusa shi cikin robar yana cije leɓe, ya saka farar jallabiya, ya naɗa rawani. Ya zauna yana jira.

Ya ji motoci sun tsaya a ƙasa. Ya leƙa ya ga fararen rawuna suna shiga. Aka kira la'asar, ya yi salla. Ba wanda ya hawo. Ya sake leƙawa, ya hango malamin ɗaurin aure da babban littafinsa a hammata. Ya ce a ransa hidima ta yi musu yawa, sun manta da aike. Waliyyi kuma ba ya sa a jira shi. Ya jera naman a babban faranti, ya ɗora a kafaɗa, ya kama ƙarfen matakala da ɗaya hannun.

Falon cike yake da maza. An janye kujeru, an kunna turaren wuta. Malamin yana tsakiya da farin hankici a hannu, wanda ake rufe hannun ango da na waliyyi da shi. Husam yana zaune a damansa yana zufa. Malamin ya gyara murya ya ce, "Ina waliyyin amarya?"

Abakar ya ɗaga gwiwa zai matsa, ƙofa ta buɗe.

Maikano ya tsaya a bakin ƙofa da faranti a kafaɗa, yana haki, zufa na bin tsagen kumatunsa. Ya yi sallama. Ya ji tambayar malamin tun daga waje, fuskarsa duk murmushi. Kafin ya taka, wani dogon dattijo mai tabo a wuya ya miƙe zumbur.

"La ilaha illallah! Kofur Maikano? Kana raye?"

Birgediya Isam ya tsallake ƙafafun mutane ya rungume shi har farantin ya kusa zubewa, wani ya karɓe. Idon dattijon ya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba ne. Ya juya ga jama'a yana riƙe da kafaɗar Maikano.

"Ku dubi mutumin nan! Ba don shi ba babu ni, babu Husam, babu wannan zama. A wuyansa ya ɗauke ni cikin fadama, ruwa har ƙirji. Na sha gaya muku, Fallatan nan, ba su da asali a ƙasar, ba su da karatu, amma wajen ƙarfi da biyayya ba a haɗa su da kowa. Ka ce su shiga wuta, sun shiga." Mutane suka gyaɗa kai, wasu suka ce masha Allah. Ya dubi naman, ya yi dariya. "Ka koma sana'ar gado ke nan, kofur? Madalla. Dakta Abubakar, ina ka samo shi?"

Kowa ya juyo wajen Abakar yana jiran amsa mai sauƙi.

Maikano ya juya. Ya dubi ƙaninsa. Babu fushi a idonsa, babu ma roƙo. Jira kawai yake, kamar yadda ya jira a sama tun safe. A bayan labulen ɗakin mata akwai idon Dalia biyu, da hannu mai lalle a kan baki.

Abakar ya san amsar. Kalma ɗaya ce, yayana. Ya san ta da Hausa, ya san ta da Larabci. Ya dubi rawanin, ya ga inda Maikano ya manta bai cire zaren takardar kanti ba. Ya dubi Husam, ya dubi hankicin.

"Yana taimaka mana," ya ce. "A sama yake zaune. Shi ke yi mana gashi."

"Ka yi sa'a, Dakta," in ji Birgediya. "Irinsu yanzu sun yi wuya. Kofur, ka riƙa zuwa gidana ranar Juma'a kana gasa mana, ba za ka yi asara ba."

Maikano ya haɗe ƙafafunsa, ta robar ta yi ƙwas a kan tayil. Ya ɗaga hannu ya sara.

"Tamam, ranka ya daɗe. A ci da zafinsa, idan ya huce ba ya daɗi."

Ya juya ya fita, ya ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.

Malamin ya sake tambaya. Abakar ya matsa, ya sa hannunsa cikin na Husam, aka rufe da hankici. Ya maimaita abin da aka ce ya maimaita. Ya aurar da 'yar farinsa da bakinsa, abin da ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka yi fatiha, aka raba dabino, aka zagaya da farantin. Kowa ya ce bai taɓa cin agashe irin wannan ba. Birgediya ya ci har ya nemi ƙari. An miƙo wa Abakar tsinke ɗaya, ya riƙe shi a hannu har man ya daskare.

A ƙofar kicin Zulfa ta raɗa masa, "Ka gani? An rabu lafiya. Shi ma ya fahimta, ai babba ne. Gobe a sauko masa da katifarsa."

Ya dubi ƙasa, ya ga ɗigon jini a bakin ƙofa, ƙanana, sun bi matakala sun yi sama. Ya bi su.

Rana ta kusa faɗuwa. Maikano yana zaune a kan bokiti yana kankare wayar gashin da wuƙa. Ya cire rawanin ya naɗe shi ya mayar cikin takardarsa. Gefen jallabiyar ya jiƙe da jini daga gwiwa.

"Yaya," in ji Abakar. Da Hausa ya faɗa, da ƙarfi, bai damu da benen da ke kallonsu ba. "Yaya, na cuce ka. Ka yafe mini don Allah, don darajar Inna. Zo mu sauka yanzu, ba su tafi ba, in faɗa musu a gaban kowa."

Maikano ya ajiye wuƙar. Ya dafa tanki ya miƙe tsaye da ƙyar, kamar yadda ƙaramin ma'aikaci ke miƙewa idan maigida ya shigo. Da ya buɗe baki, Larabci ne ya fito, tsaftatacce, irin na bariki.

"An ɗaura, ya Dakta?"

"An ɗaura."

"Alhamdu lillahi. To me za ka faɗa musu kuma? Ka ɓata wa yarinya aure a ranarsa? Abin da aka saya da tsada haka ba a zubar da shi." Ya ɗauki ƙunshin rawanin ya miƙa masa. "A ba ango, sabo ne, sau ɗaya aka naɗa. Amarya kuma a ce mata mai gashi ya sa albarka."

"Yaya, ni ne fa. Habu ne."

Maikano ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, kamar mai neman wani a cikin taron tasha.

"Naman ya ishi baƙi, ya Dakta?"

Abakar ya fashe da kuka, babban mutum da furfura, ya durƙusa a kan simintin mai zafi ya kama gefen jallabiyar. Maikano bai janye ba, bai kuma dafa kansa ba. Ya bar shi ya yi mai isarsa. Daga ƙasa ana jin kiɗa ya tashi, mata na tafi.

"Ka sauka, ya Dakta," ya ce a hankali. "Surukanka na jira. Bai dace a gan ka a nan sama tare da mai aiki ba."

Ya koma kan bokitinsa ya ɗauki wuƙar.

Washegari Zulfa ta aiko a sauko da katifar, ya ce a bar ta, saman ya fi iska. Dalia ta hau da idanu a kumbure, ya tashi tsaye ya gaishe ta da Larabci, ya ce mata mabruk, ya ustaza, wato barka, malama. Har yau yana can. Ana kai masa abinci a kan lokaci yanzu, Abakar da kansa ke kaiwa, safe da yamma, da nama a kai. Kullum sai ya tsaya a bakin ɗakin ya ce, "Yaya, ina kwana?" Kullum Maikano sai ya miƙe tsaye ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya ce, "Shukran, ya Dakta." Sai Abakar ya juyo ya kama matakala, da ƙafafunsa biyu lafiyayyu, yana dafa bango.